Ranar da Na Ja Babur Ɗin Surukina Zuwa Kalmalo

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Lahadi a hanyar Kalmalo ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke kaina. Har gobe in ina tuƙi na ga wani abu ya gifta a madubin gefe, sai in rage gudu.

Ni ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma nan Illela, aikina biro da takarda. Surukina kuwa, Alhaji Garba, mahaifin matata Hadiza, yana fataucin albasa da wake tsakanin nan da Ƙwanni, can ƙetaren iyaka. Mutum ne mara yawan magana, ga kwarjini. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. In na je gaisuwa na durƙusa, tabarma nake kallo har in tashi (na san zanen tabarmar nan fiye da fuskarsa).

To, Alhaji yana da gonar albasa kusa da tafkin Kalmalo, hanyarta rairayi ne a rani, taɓo a damina, ga shekaru sun fara ja. Sai ya sayo wani babur mai ƙafa huɗu daga Ƙwanni, irin mai ƙatti-ƙattin tayoyin nan da ke ratsa yashi. Ya ce ba zai hau shi cikin gari mutane su yi ta kallonsa ba, a gona zai zauna. Direbansa kuma ya tafi Sakkwato da a-kori-kurar gidan. Da Hadiza take ba ni labari, sai bakina ya riga hankalina.

"Ki faɗa wa Baba ni zan kai shi," na ce.

Ta dube ni. "Abban Nana, ka taɓa jan tirela?"

"Mi ke ga jan tirela? Ba mota ce ke ja ba?"

Abin da ya ruɗe ni, tsohuwar motata ta zo da wani ƙarfe mai kai kamar ƙwallo a bayanta, wanda ake maƙala tirela a kai. Shekara da shekaru ba abin da yake yi sai bugun ƙaurina in zan buɗe but ɗin baya. Na ga ranarsa ta zo, ni ma tawa ta zo a idon Alhaji.

Na je wurin wani mai walda da ke ba da hayar ƙananan tireloli. Biyu na tarar. Ɗaya doguwa, mai taya huɗu da sarƙa a hancinta, amma tsatsa ta cinye ta kamar tsohon kwanon rufi. Ɗayar gajera, mai taya biyu, an shafe ta da koren fenti sabo fil, har ƙamshi take. Mai waldan yana fama da wata ƙofa, ya ɗago ya tambaye ni abin da zan ɗauka. Na ce ɗan babur ne. Ban ce mai ƙafa huɗu ba, shi kuma bai ƙara tambaya ba. Na zaɓi koriyar, don a ganina bai kamata in tsaya ƙofar gidan surukina da tsatsa ba. Ban auna tsawonta ba. Ban duba tayoyinta ba. Da muka ɗora bakinta kan ƙwallon motata sai ya yi masa yawa, yana kwal-kwal. Na samo robar tayar keke na naɗe wurin tam, na buga hannu a kai kamar wanda ya san aiki.

A ƙofar gidan Alhaji aka jingina katako biyu, ni da wasu maƙwabta muka tura babur ɗin sama. Nan na ga tirelar ta yi masa kaɗan. Akwai wani akwatin ƙarfe a gabanta da ya ci wuri, saboda haka babur ɗin ya zauna can baya, tayoyinsa na baya suna leƙen ƙasa. Aka kawo buhunan takin zamani da za a kai gona, na ga ba wuri, na ce a jibga su a kan kariyar babur ɗin ta baya. Na ɗauko igiyar guga na zagaya kan sirdi, na ƙulle. Giya kuwa na bar shi a firi yadda muka turo shi.

Alhaji ya fito cikin farar babbar riga, da sandarsa. Ya zagaya tirelar a hankali. Ya sa kan sanda ƙarƙashin hancinta ya ɗan taɓa, sai hancin ya yi sama ba wuya, har bayan motata ya motsa. Ya yi gyaran murya.

"Malam, haka za mu tahi?"

Idona a ƙasa na ce, "E, Baba. Ai na duba komai."

Ya ce, "To, a tahi sannu."

Ya buɗe gaba ya zauna kusa da ni. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Numfashi ma a ɓoye nake yi.

Cikin gari lafiya lau muka bi, don ranar kasuwa ce, ba wurin gudu. Da muka fita hanya ta buɗe, na ga amalanken shanu a gabana, na ce a raina kada Alhaji ya ce surukinsa matsoraci ne, ko amalanke ba ya iya wucewa. Na taka totur na wuce. Na ji daɗin hakan, na ƙara takawa. Daidai nan hanya ta fara gangara zuwa wata kwalbati.

Da farko wani ɗan motsi na ji a sitiyari, kamar an ja rigata ta baya. Na duba madubin hagu, na ga babur ɗin. Ai bai kamata in gan shi nan ba. Kafin in gama tunani ya ɓace, ya bayyana a madubin dama. Ya sake dawowa hagu, wannan karon har da gefen tirelar gaba ɗaya. Bayan motar ya fara bin ta, tana jan mu nan, tana jan mu can. Sai na ji gum! a baya, igiyar ta saki, babur ɗin yana gangarowa gaba ya daki akwati, ya koma baya. Duk komawar da zai yi sai in ji bayan motata ya yi sama, tayoyin kamar ba sa taɓa ƙasa.

Na ɗago kai, sai ga babbar mota shaƙe da shanu tana tahowa daga gabanmu, tana danna oda. A gefen dama kuma mata ne a jere ɗauke da ƙoren nono za su kasuwa, ɗaya da goyo. Hagu mutuwarmu, dama mutuwarsu. Wallahi na ga fuskar matar nan mai goyo sarai, har da bakinta da ta buɗe. Na tuna 'yata Nana da na bari tana shan koko. Na tuna yadda za a shiga gida a ce wa Hadiza mijinki ya kashe ubanki. Kalmar shahada ma ta ƙi fitowa daidai, sai kan kalmar nake ta maimaitawa.

Ƙafata ta tashi za ta danne birki da ƙarfi.

"Kak ka taka birki!" Alhaji ya daka tsawa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan. "Ɗauke ƙafa daga totur kawai. Riƙe sitiyari sak, kada ka bi ta!"

Na ɗauke ƙafa. Amma tsoro ya ce min in rage giya. Na kai hannun dama na cafki giya na fizga baya da iya ƙarfina. Ta ƙi shiga. Na sake fizga. Babbar motar ta iso, iskarta ta bugi gilashin gaba, na ga ƙahonin shanu sun wuce ta saman kaina, na rufe ido na kwarma ihu da muryar da ban san ina da ita ba:

"Wayyo Inna! Inna, na mutu!"

(Ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, da furfura a gemu.)

"Buɗe idonka, Malam! Sak! Sak!"

Na buɗe. Matan sun watse cikin gona, ƙwarya ɗaya ta kife. Gangaren ya ƙare, hanya ta fara hawa, motar ta rage gudu da kanta. Lilon ya ragu, ya ragu. Sai lokacin Alhaji ya ce in taɓa birki kaɗan-kaɗan. Muka tsaya a gefen hanya. Tsayawarmu ke da wuya robar nan tawa ta tsinke, hancin tirela ya fice daga ƙwallo ya kalli sama, babur ɗin ya sulale ta baya da buhunan taki, ya gangara cikin rami ya tsaya a jikin wata ƙaya. Da minti ɗaya baya ya yi haka, Allah kaɗai ya san wanda zai taka.

Mutane suka fara taruwa, masu amalanken da na wuce da fahari su ma suka iso. Wani ya leƙo ta taga yana cewa, "Mi ya faru? Ba wanda ya ji ciwo?" Sai na ga ya kalli tsakaninmu, ya yi sauri ya kau da kai.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce cikin natsuwa:

"Malam, in ka ƙare da gwiwar, ina son in sauka."

Na dubi hannuna. Giya tana can inda take, ba wanda ya taɓa ta. Gwiwar surukina ce a hannuna, na damƙe ta ta cikin babbar riga, yatsuna sun nutse. Ita nake ta fizga tun ɗazu. Na saki kamar na taɓa garwashi.

"Kuma wagga ita ce mai ciwon," ya ƙara, ya buɗe ƙofa ya fita yana ɗingishi.

Da ƙasa ta tsage da na shige, in ja ta in rufe. Na kasa fita daga motar. Ina ciki ina kallo Alhaji ya je wurin matan, ya ba su haƙuri, ya biya nonon da ya zube. Mai goyon tana ta kuka tana duba ɗanta, ba abin da ya same shi. Da na samu na fito, sai na zauna daɓas a bakin kwalbati. Wani dattijo ya miƙo min buta ya ce, "Sha, ɗan Inna." Jama'a suka kwashe da dariya. Ashe gilashina a sauke yake, kowa ya ji.

Aka fito da babur ɗin, ko kwarzane bai yi ba. Alhaji ya naɗe riga, ya hau abinsa ya ratsa yashi ya nufi gona. Ni kuma na aika aka kira mai walda ya zo ya ɗauki tirelarsa, don na rantse ba zan sake jan ta ko taku ɗaya ba.

Na daɗe ina zagaye layin gidan Alhaji. Sai wata rana ya aiko kirana, za a kawo babur ɗin gari a canza masa mai. Na tafi. Na tarar ya sa an kawo doguwar tirelar nan, mu biyu muka tafi gona, ni ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. A can ya tsaya a kaina na yi lodin da hannuna. Ya sa na gwada bakin tirela da ƙwallo har ya zauna daram, na maƙala sarƙa. Ya sa na tura babur ɗin gaba har nauyinsa ya ɗan rinjaya gaban tayoyi, hancin tirela ya danne. Na sa shi a giya, na ja birkinsa, na ɗaure kowace kusurwa daban da ɗamara mai ƙarfi, ya girgiza da kansa ya ga bai motsa ba. Ya ce in mun ɗan taɓa tafiya mu tsaya mu sake dubawa. Ashe kafin kasuwanci ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa Agadas.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ran nan kun ga lodin bai yi ba."

"Na gani," ya ce. "Na ji nauyin in gyara maka a gaban maƙwabta. Ni da kai duk mun yi wauta. Kunya ba ta ɗaure kaya."

Sai ya yi murmushi, karo na farko da na ɗago na ga haƙoransa.

Yanzu kam na iya lodi, har a ofis ana tambayata. In aka tambaye ni nakan faɗi duk abin da Alhaji ya koya min ɗaya bayan ɗaya, sannan in ƙara nawa da ba a makarantar tuƙi ake koyarwa ba: duk ranar da za ka ɗauki surukinka a mota, ka lallaɓa shi cikin ladabi ya zauna a baya.