Fankar da Ta Rufa Mana Asiri Ta Ce Ga Garinku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai ƙoshi da barci ba, ni Hafiza, matar Malam Mas'ud na gidan Inno a nan Kurfi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar fankar ɗakina, fara mai caji, mai farfela uku, wadda rai ya yi wa halinsa jiya bayan sallar asuba, tana tsaka da aiki.

Marigayiyar ta shigo gidan nan daga kasuwar Dutsin-Ma, cikin kwali, a bayan mashin ɗin maigidana, da ɗan faifan solarta. Mutanen gida sun ɗauka don zafin bazara aka kawo ta, har aka yi ta yi mini tsiya wai son jiki ya yi mini yawa. Na bar su a haka. Gaskiyar da ta riƙe har ta bar duniya, yau zan faɗe ta, tunda ko ban faɗa ba gobe rana za ta faɗa. Yaron wajena, ɗan farina, ya shiga shekara ta bakwai, kuma har yanzu yana fitsarin kwance.

Ba sakaci na yi ba. Ma'aikaciyar asibiti ta ce kada a dake shi, kada a yi masa gori, a rage masa ruwa daga magariba, a kai shi ya kama ruwa kafin ya kwanta, sauran kuma a bar wa lokaci. Na bi. Na shimfiɗa leda, ya yi birgima ya bar ta can gefe. Na ɓoye kofi. To amma a gidan nan akwai Inno, surukata, wadda barci ba ya ɗaukarta sai ta dama fura bayan isha'i ta kira jikanta. "Ina maigidana? Taho ka sha hurarka, ƙyale waccan mai rowar." Ya shanye kwano tas ya dawo yana lasar baki, ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa ina murmushin yaƙe. In na hana, za ta tambayi dalili. Ga shi ɗan fari: a gaban Inno ba na kiran sunansa, ba na tanka maganarsa, ko faɗuwa ya yi sai dai in ɗauke kai wani ya ɗaga shi. Haka muka tarar ana yi.

Dalilin kuwa ba ya faɗuwa, domin Inno tana da nata maganin, kuma tana alfahari da shi. A ɗora wa yaro jiƙaƙƙiyar shimfiɗarsa a ka, a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, a tara yaran unguwa su zagaya da shi suna waƙa suna tafi. Haka ta yi wa Bilya, ƙanin mijina. Ta ce tun daga ranar ya daina. Wataƙila. Abin da na sani, yau Bilya yana da gemu da 'ya'ya, kuma a majalisa har gobe ba a kiransa da sunan yanka. In an kira shi da sunan tsiyar da yara suka laƙaba masa ranar, dariya yake yi, amma idonsa yana ƙasa. Na kai wa Malam maganar, ya ce shi ba zai iya ja da uwarsa ba, ya je ya sayo fanka.

Marigayiyar ba ta taɓa tambayar kowa dalili ba. Da asuba in wanke zane a bokiti a bayan ƙyaure, in goge katifa, in jingina ta da bango, in kunna ta. Kafin hantsi komai ya bushe, in sa turaren wuta, in ɗage labule kamar kowace mace. Igiyar tsakar gida ba ta taɓa ganin zanen yaron nan ba, katanga ba ta taɓa ganin katifarsa ba. Ba ta da tsegumi, ba ta da gori. Duk maganarta a duniya ita ce "tarrr… ƙat, tarrr… ƙat", in ta kai kanta dama ta dawo da shi hagu. Yaron yakan zauna gabanta da ɗan kamfai a hannu, ya miƙa mata, ta busar masa, ya tafi makaranta da kansa a sama.

Ciwon ajalinta ya fara ne da shigowar damina. Hadari ya hana ta cin rana, muryarta ta dushe, wuyanta ya saki har na ɗaure shi da tsumma. Sau da yawa Malam yana kai ta wurin Enoch mai gyara a Dutsin-Ma, ta dawo da ɗan sauƙi. Jiya ta juya farfela a hankali, ta ce "ƙat" sau ɗaya, ƙauri ya tashi. Enoch ya buɗe cikinta, ya ce koyil ya ƙone, batir ya kumbura, sai haƙuri. Wata fankar kuma sai an girbe gero, in Allah ya kai mu.

Ta rasu ta bar katifa ɗaya da ke jingine tun jiya ba ta bushe ba, da leda mai zarni, da zannuwa biyu a bokiti, da faifan sola maraya a kan rufi, da kaskon turare wanda shi kaɗai ba zai iya riƙe gida ba. Tuni Inno ta wuce ta ƙofata tana ɗaga hanci, ta ce ko kyanwa ce ta shigar mini.

Ta kuma bar yaro. Ya ƙi shan ruwa tun azahar ɗin jiya, ya ce wa Inno cikinsa ke ciwo, ya kwanta a tabarma da leɓe a bushe, kuma duk da haka abin ya zo. Yau da na idar da salla na juyo na gan shi durƙushe gaban katifa, ya riƙe faifai da hannu biyu yana ta fifita. Bai yi kuka ba. Ya dubi ƙofa, ya dube ni, ya ce a hankali, "Kwaɗo yana cizo?" Wallahi tun da nake ban taɓa jin ɗakin nan ya yi mini ƙunci kamar lokacin ba. In na fitar da katifa an gani, in na bar ta an ji wari, in na yi magana na zama marar kunya.

Ga tsarin jana'iza. Za a fitar da gawa gobe da hantsi, in hadari ya ba da hali, a miƙa ta ga ɗan gwangwan da ke zagayawa da kura. Ba a buƙatar taro, ba za a yi zaman makoki ba. Katifar za ta biyo bayanta, kuma a kaina za ta fita, ba a kan kowa ba. Zan shanya ta a katangar tsakar gida, in sa kujera kusa da ita, in zauna har ta bushe. Masu gaisuwa su same ni a nan. Wanda ya zo da kwaɗo, ya kawo, ga ƙuguna.

Inno kuma ta gafarce ni, domin zan kira shi ya zo ya zauna a gefena, kuma da sunansa zan kira shi, gida duk yana ji. Abdullatif. Ɗana ne.