Tabarau da Mangwaron Gidan Tarihi

Da kwamitin sabon gidan tarihinmu a Kafanchan ya kira ni in duba hasken zauren gilashi, inda za a jera kawunan yumɓu irin na Nok, na shiga da sabon tabarau ina taku kamar ni na rataye rana a sama. Na ɗaga kai, na yamutsa fuska.

"Wannan ai kabari ne," na ce. "Wane makaho ya bar mangwaro ya rufe rufin? A sare shi."

Mama Saratu, shugabar kwamitin, ta ce, "Injiniya, ko yanzu rana yana shiga ido fa." Na yi mata kallon ba ki san aiki ba. Aka sare.

Ranar buɗewa, kafin fasto ya ce a rufe ido a yi addu'a, kowa ya riga ya rufe. Ni kaɗai nake gani garau, har na cire tabarau in share gumi. Wayyo! Ashe tabarau ɗin irin wanda yake yin baƙi da kansa ne a rana.

Har yau, in na wuce da tsakar rana, 'yan acaɓa sai su kunna mini fitila: "Injiniya, kana ganin hanya?"