Gobarar da Na Kashe a Motar Alhaji Sabo

Ba zan taɓa mantawa da daminar da Lumshe-ido ta shigo ƙungiyarmu ba. Ko na so in manta, mutanen kasuwar Head Bridge ta Anacha ba za su bari ba, har masu tura baro.

Ƙungiyar ta masu jif ce da a-kori-kura masu jan gaba da baya, Hausawan Anacha da Inugu da Fatakwal. Ba motocin yawon sallah ba ne. Da su muke shiga kasuwannin daji mu ɗauko manja da garin kwaki da doya, a hanyoyin da idan damina ta zauna ko babur ɗin okada sai an ɗauke shi a ka. Ayari muke yi, kuma dokar ayari ɗaya ce: wanda ke gaba shi ke duba laka ya ce a bi nan, kar a bi can. Ni ne na gaba tun gemuna yana baƙi. Sarkin Laka ake kirana. Ban yi boko mai nisa ba, aji huɗu na bari, gida kuma haya nake yi har yau. Wannan sunan shi ne kaɗai abin da na tara a kudu.

Motocinmu duk tsohon yayi ne, wadda muke kira Kan Ɓauna saboda faɗin goshinta. Mota ce mai gaskiya. Idan ka iso laka sai ka sauka ka murɗa makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba da hannunka, ka dawo ka ja ƙaramin giya, ka ce bismillah. Idan ta lalace, waya da filaya sun isa.

Sai kamfani ya fito da sabon yayi. Fitilunta sirara kamar mai jin barci, shi ya sa yara suka sa mata Lumshe-ido. Kafin ma wani ya saya ƙungiya ta rabu biyu. A guruf ɗinmu na waya, matasa kullum turo hotonta suke, mu kuma dattawa muna aika murya muna zaginta. Bakanikenmu na unguwar Mile One a Fatakwal ya sayo wata na'ura da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, na ce masa ya bar gareji ya buɗe asibiti. Ni na fi kowa baki. Na ce waya ce aka sa wa taya. Na ce ranar da ta ga lakar gaske za ta kira uwarta a Turai. (Wannan muryar tana nan a wayoyin mutane, suna sake turo ta duk lokacin da suka ga na fara sakewa.)

To, wanda ya fara sayen ta shi ne shugabanmu da kansa, Alhaji Sabo mai albasa, mutum mai sanyin magana wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Daga wata ƙasar sanyi aka yo masa odarta, fara sol, kujerun fata kalar madara.

Muna da al'ada. Duk motar da ta shigo ƙungiya sai an yi mata wankan laka: a kai ta wani mugun kwari da ke hanyar kasuwar manja, bayan an haye gada an bar kwalta, na gaban ayari ya tsallaka da ita, mai ita yana jira a ɗaya gefen, a yi addu'a, a ci shinkafa. Wannan karon abin ya fi na kullum, domin Ɗanladi na Fatakwal, wani mai dariya da haƙoran gwal wanda ya daɗe yana hangen wurina, ya kawo magana a taro. Ya ce tunda sabon yayi ya zo, gaban ayari sai wanda ya iya shi. Aka ce to a bari a ga wankan laka.

Ranar wankan da safe matata Hajara ta ga na ɗauko farar shadda ta tambaye ni ko ɗaurin aure za ni. Na ce laka za ni. Ta ce in je in roƙi Alhaji ya zagaya da ni a motar tukuna, ko sau ɗaya. Na ce mata mota mota ce, taya huɗu da sitiyari. Ta ce to, ta ajiye sabulu a bakin ƙofa.

Mun isa da hantsi, an sha ruwa kwana biyu, kwarin ya cika ya yi kalar kunu. 'Yan Inugu sun zo, 'yan Fatakwal sun zo, ga mata masu manja sun ajiye jarkokinsu a gefen hanya suna kallo, domin sun san mu. Alhaji ya miƙo mini wani abu kamar akwatin ashana, wai shi ne makulli. Ya rage murya don kar a ji.

"Sarki, bari in nuna maka abu biyu a ciki. Ba za a daɗe ba."

Da mu biyu ne da na yarda. Amma Ɗanladi na tsaye yana saita wayarsa.

"Alhaji," na ce da ƙarfi, "ina tuƙi tun kana sayar da albasa a faranti. Je ka tsallake ka jira motarka."

Ya dube ni, ya ce Allah ya kiyaye, ya bi ta gefen gona ya tsallaka.

Tayar da ita bai ba ni wuya ba, na taɓa gani ana danna wani maɓalli. Na gangara har bakin ruwa, na tsaya, na sauka kamar yadda na saba, na durƙusa gaban tayar gaba zan murɗa makulli. Na kama wani faifai mai ƙyalli a tsakiyar tayar na murɗa. Bai motsa ba. Na ƙara ƙarfi. Na zaro sukundireba daga aljihu na ɗan taimaka masa, sai ga shi a hannuna, ɓalas, roba ce kawai aka shafa wa ruwan azurfa. A ƙarƙashinsa babu abin murɗawa. Na waiwaya, mutane sun zuba ido. Sai na jefa shi aljihu, na zagaya ɗaya tayar na shafa ta, na miƙe na kaɗe hannu na ce na kulle. Wasu dattawa har da gyaɗa kai.

Na koma ciki na kai hannu inda ƙaramin giya yake zama. Ramin ajiye kofi na tarar. Na lalubi ƙasa, na lalubi gefe. Babu. Sai maɓallai jere kamar na rediyon masu kuɗi, kowanne da ɗan hotonsa. Akwai wani abin murɗawa kusa da giya, amma na ɗauka na ƙara sauti ne. Na bi hotunan da ido har na ga wani mai lanƙwasassun layuka kamar igiyar ruwa a kan wani abu. Na ce yauwa, ga na shiga ruwa. Na danna, jar fitila ta kama. Na sake dannawa don ƙarin ƙarfi har fitilun suka cika. Na ce bismillah na taka.

Ta shiga da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Sai da muka kai tsakiya ta tsaya. Tayoyin baya suna ta juyi, na gaba suna hutawa abinsu. Wanda ya san aiki a nan yake ɗaga ƙafa, ni ma na sani, na koya wa mutane da yawa. Amma ina hango haƙoran Ɗanladi ta madubi, sai na ƙara taka totur. Laka ta yi sama, motar ta yi ƙasa. Ta fara wani ƙara, ƙiit ƙiit, rubutun turanci yana ta fitowa a gabana, ni kuwa ko da rana tsaka turancina bai wuce na ciniki ba.

Nan ne na fara jin zafi a mazaunaina.

Da farko na ɗauka kunya ce. Amma kunya ba ta hawa gadon baya. Zafin ya ƙaru, ya ratsa shadda, ya ratsa wando. Na shaƙi iska na ji ƙaurin roba. Na duba madubi na ga farin hayaƙi yana tashi daga ƙarƙashin mota. (Yanzu na san tururi ne, salansa mai zafi ta taɓa ruwa, ƙaurin kuma na tayoyin da nake ƙonawa ne. Yanzu. A lokacin babu wanda ya gaya mini.) Kuma ni na taɓa ganin gobarar mota. Kan Ɓaunata ta farko batirinta a ƙarƙashin kujera yake, ya taɓa kamawa da ni a hanyar Inugu, har yau akwai tabo a inda ba zan nuna ba.

Na buɗe ƙofa na yi tsalle. Laka ta karɓe ni har ƙugu, takalmi ɗaya ya tafi, bai dawo ba har yau.

"Wuta! Wuta a ƙarƙashin kujera! Ku kawo ruwa!"

Mutane suka watse. Wata mai manja, Mama Nkechi, wadda muka shekara muna ciniki da ita, ta jefo mini rabin jarkar da take awo da ita tana ihu da turancin kasuwa wai aboki kashe ta, kashe ta. Na cafe. Na kamfato ruwan kwarin nan, da laka da ganye da sauran manjan da ke gindin jarkar, na sheƙa wa kujerar fata kalar madara. Na sake kamfatowa na sheƙa. Ban san sau nawa ba. Ina yi ina salati, ina jin kaina jarumi, har ina tunanin yadda za a ba da labarin na ceci motar shugaba.

Sai na ji an riƙe mini hannu. Alhaji Sabo ne, ya shigo lakar da babbar rigarsa. Bai dube ni ba. Ya leƙa cikin motar, ya ga jajayen fitilun nan, ya sa yatsa ya danna, suka mutu. Ya daɗe yana kallon kujerar, ruwa yana ɗiga daga ita, jan manja yana bin ɗinkin.

"Na ɗumama kujera ne, Sarki," ya ce. "Saboda mutanen ƙasar sanyi."

Ya shimfiɗa buhu a kan kujerar ya zauna, ya murɗa abin nan da na ɗauka na sauti ne, ya ɗan ja baya, ya taka a hankali. Motar ta fita daga ramin da na haƙa mata kamar mai fita daga masallaci. Ni aka bari a tsakiyar kwari da rabin jarka a hannu.

Wallahi da an yi dariya nan take da ya fi mini sauƙi. Amma kowa ya danne tasa, saboda girman Alhaji. Na tako na fito, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ina isa gabansa na sunkuya zan ba da haƙuri, sai faifan nan mai ƙyalli ya zame daga aljihuna ya faɗi a gaban kowa, yana juyi. Ɗanladi ya ɗauka, ya goge shi da hannun riga, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ga makullin da Sarki ya kulle. A yi wa 'yan kwana-kwana godiya, sun iso da wuri."

Nan wurin ya fashe. Har liman da ya zo addu'a sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Mama Nkechi ta zo karɓar jarkarta tana tambaya ko wutar ta mutu.

Kafin in iso gida bidiyon ya riga ni. Hajara ta nuna mini sabulun da yatsa. Washegari wani ɗan'uwana da ke Mile One ya kira wai yana jajanta mini gobara, yana tambaya ko an yi asarar rai.

A taron da ya biyo baya ba a ja magana ba. Aka ba Ɗanladi gaban ayari, ya sayar da Kan Ɓaunarsa ya sayi Lumshe-ido. Na so in bar ƙungiyar, Alhaji ya hana. Ya ce ayari na da gaba na da baya, kuma sabbin nan idan ruwa ya shiga kwamfutarsu ba sa motsi sai an ja su. Haka aka tsara: sabon yayi a gaba, Kan Ɓauna a baya da sarƙa. Mu tsofaffi muka bi duk wanda ya sayar da tasa muna kwashe kayan gyara muna tarawa a ɗan shagon da nake haya. Na ja Ɗanladi daga laka ya fi sau ɗaya, kuma ko yana rataye a sarƙata ba ya fasa leƙowa ya ce sannu da aiki Kwana-kwana. Sunan ya zauna. Jikata ma haka take kirana, tana tsammani sarauta ce.

Alhaji bai taɓa tayar mini da maganar kujera ba. An wanke ta, amma idan rana ta yi zafi motar tana ƙanshin miyar manja.

Bara ya ɗauke ni a motar zuwa taro a Inugu, ana ruwa, bayana yana ciwon nan da ya saba tun da na fara ɗaga jarkoki. Ya ga ina ta gyara zama. Sai ya miƙa hannu ya danna maɓallin nan, fitila ɗaya. Na jingina da kujera. Ɗumi ya taso a hankali ya kama ƙugun nan daidai inda man zafi ya kasa kaiwa. Ban farka ba sai a cikin gari.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan mai abu ya ce bari in nuna maka, ka tsaya ya nuna maka, ko da akwai mai haƙoran gwal a bayanka. Yanzu duk tafiyar da Alhaji zai yi ni ne farkon shiga mota, kuma da bakina nake cewa, Alhaji, a kunna mini gobarar nan, fitila biyu.