Rasuwar Kwamfutar Suhaibu a Buhun Shinkafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka rasa abin dannawa, Suhaibu Maharazu na Kura, ɗalibin injiniyan lantarki, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda gida ya sani da Hajiya Babba.

Marigayiya ba ta san hutu ba. Ita ce ke gwada masa wata eriya da ba ta fi farcen yatsa ba, haɗe da 'yar na'urar da ke ƙara mata ƙarfi, tana lissafa yadda sigina zai fita tun kafin a ƙera komai. Burinsu a dasa eriyar a bakin magudana, ta riƙa sanar da manoman ƙarshen layi a Bunkure ta waya in ruwa ya iso, su daina zuwa gona suna tarar da busasshen rami. Kowa ya san kukan marigayiya: fuuuuu, kamar injin ban-ruwa, sannan ɗif, a sake daga farko.

Ajali ya same ta ranar da lissafin ya kama hanyar fitowa daidai. Suhaibu ya tafi masallaci ya bar ta tana aiki. Iya, mahaifiyarsa, ta taɓa ta ta ji zafi zau, tausayi ya kama ta, ta jiƙa buhu ta lulluɓe ta yadda take yi wa alayyafo. Da ya dawo ya ga ruwa na ɗiga, sai ya tuna an ce shinkafa na tsotse danshi. A Kura kuwa shinkafa ba abin nema ba ce. Ya cusa ta a buhun farko da ya gani, bai lura da cewa gumi ne ba, turararriyar shinkafar da aka sauke daga wuta, ko shanya ba a yi ba.

Marigayiya ta bar caja mai ɗaurin salatif, da jaka marainiya, da aikin digiri wanda babu kwafinsa ko'ina. Suhaibu ya kasa fushi da Iya, ya kasa ɗaga wayar malaminsa, yana zaune kawai yana kallon bango.

Za a kai gawar wurin mai gyara a Kano ranar Asabar, a raba sassanta ga mabuƙata. Zaman makoki a ƙofar gida, kuma shinkafar da ta cika a ciki za a dafa wa baƙi. Ana roƙon kada a tambayi Suhaibu yaushe zai gama karatu. Masu zuwa daga Bunkure su biya ta magudana tukuna, su duba ruwa da idonsu kamar kullum.