Tobon Manya a Cikin Akori-Kurata

Yau da hantsi, a tsakiyar hawan nan da ya raba tsohuwar unguwa da sabuwa, akori-kurata ta yi wata ƙara kamar an fasa randa, ta fesa farin tururi sama, ta tsaya cak da bulo fal a bayanta. Ni kuwa na rungume sitiyari, na danne burki, ina salati. Ban kai ƙarshen salatin ba sai ga jiniya a bayana. Ashe yau ce ranar da Mai Girma Uban Ƙaddamarwa, Allah ya ja zamaninsa, zai zo ya sake ƙaddamar da gyaran hawan. Amma bari in koma baya, kada ku ce tsautsayi ne kawai. Da hannuna a ciki, har da sifana.

Sana'ata dakon bulo. Mai Bulo yana bugawa a ƙasa, magina suna jira a sama, ni da tsohuwar motata muna tsakani. Tsohuwa ce ta gaske, ta girmi aurena, kuma ba ta iya hawan nan da cikakken lodi. Sai in raba kayan, in hau, in sauko, in sake hawa. Lokacin da mai ke samuwa babu wanda ya damu. Yanzu kuwa mutum yakan shiga layin mai da aski sabo ya fito yana neman wanzami.

Hawan ma ba laifinsa ba ne. Tun gemuna yana baƙi aka ce za a kwantar da shi a zuba masa kwalta. Kowane babba ya zo, a kafa rumfa, a yanka ƙyalle, katafila ta ɗaga hannu ta gaisa da jama'a, sannan a ɗora ta a tirela a wuce da ita wani gari ta je ta gaisa da wasu. Ban taɓa ganin injin da ya kai ta zumunci ba.

To, makon jiya Mai Bulo ya kira ni gefe. Shi ke zuba mini mai, don haka shi ke da baki.

"Direba," ya ce, "ni da kai ba ta ɓaci. Amma motarka tana shan man sawu biyu a aikin sawu ɗaya. Ga wani mai sabuwar mota yana ta yi mini zarya. In ba za ta hau da lodi gaba ɗaya ba, ka yafe ni."

Na ce, "Maigida, da tsohuwar zuma ake magani."

Ya ce, "Zuma ba ta hawa tudu."

Wannan aikin shi ne tukunyar gidana. Ba ni da wani. Na dawo gida na zauna ina tunani, kuma duk wanda ya san ni ya san tunanina ya fi aikina haɗari. Ban yi zurfi a makaranta ba, abin da na sani tsintarsa na yi, a bakin mutane da tsofaffin littattafai da waya. A wayar na ga wani mutum yana bayanin wani abu mai kama da katantanwa, wai shi tobo. Hikimarsa ita ce, hayaƙin da inji ke zubarwa ta salansa shi ake tarewa, ya juya wata 'yar farfela, ita kuma ta cusa wa injin iska fiye da yadda zai shaƙa da kansa. Sai ƙarfi ya ƙaru. Wato daga abin da aka yar ake samo ƙarfi. Na ce wannan ai manyanmu sun riga masu ƙira ganewa, su da suke tattara hayaƙin tsohon alƙawari su hura sabon zaɓe da shi. Mutumin yana cikin bayani aka ɗauke wuta, wayar ta mutu. Na ce ba komai, na kama bakin zaren.

A wajen 'yan gwangwan na samo nawa. Mai sayarwar ya rage murya ya ce daga jikin motar wani babba aka ciro shi, irin waɗanda ake saya da dukiyar jama'a, a hau su kaɗan, fitila ta fashe, a jingine su a bayan ofis har ciyawa ta fito ta taga. Nan fa zuciyata ta rabu. In na saya, na sayi kayan jama'a ta bayan gida. In na bari, wani zai narkar da shi ya yi murhu. Kuma ni ma ai jama'a ne. Shin mutum yana satar abin da shi ma yana da kaso a ciki? Na kwana biyu ina juya maganar, na yanke hukunci cewa haramun ne ga wanda ya ciro, makaruhi ga wanda ya sayar, ni kuwa rabona na karɓa. Za ku lura cewa duk fatawar da mutum ya ba kansa, shi take fara wankewa.

A ƙofar gida muka yi aikin, ni da Mai Walda na bakin titinmu. Ya yanka bututun hayaƙi ya lanƙwasa, ya liƙa, yana yi yana girgiza kai. Na jawo wa tobon hanyar baƙin mai, na tsiyaye tsohon a cikin bahon wankin maman yara, abin da har yanzu ba a gama shari'arsa ba.

Ta leƙo ta ce, "Malam, wannan motar da ko tari ta yi sai mun yi mata addu'a, ita za ka ɗaura wa kayan manya? Linzami fa ya fi ƙarfin bakin kaza."

Na ce, "Ke dai ki tanadi guɗa."

Da muka tayar, sai ga wani siririn fito yana fitowa daga ƙarƙashin bonet, irin na motocin masu jiniya. Wallahi sai da na ji wuyana ya ƙara tsawo. Amma da na sa ido sosai ina taka totur da hannu, sai na ga abin da ya ɓata mini rai. A jikin tobon akwai wata 'yar ƙofa mai sanda. Da zarar inji ya ɗauki zafi, ƙarfi ya fara taruwa, sai ta buɗe ta saki hayaƙin ya wuce salansa a banza, bai juya komai ba.

Jama'a, ku da kuke karanta ni kun san shekarun da na yi ina kuka da ɓarna. Fitilun titi suna ci da rana tsaka, famfo ya fashe yana malala a gaban masu gyaransa, ayarin motoci ya raka mutum ɗaya ɗaurin aure. Yanzu ga ɓaraka a cikin motata, a ƙofar gidana. Na ce ba shakka daga motar manya ka fito, ka taho da halinsu. Na ɗauko waya mai kauri na ɗaure sandar tam, na murɗe da filaya.

Maƙwabcina Tela yana zaune a bakin shagonsa yana kallo, zare a baki.

"Injiniya," ya ce, don haka yake kirana in yana son faɗa, "wanda ya ƙera abin nan mahaukaci ne da ya yi masa ƙofa?"

Na ce, "Ba mahaukaci ba ne, almubazzari ne. A gidana ko hayaƙi sai ya yi aiki kafin ya fita."

Ya ce, "To. Ni dai na san barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

Mai Walda ya tattara kayansa ya ce shi iyakarsa walda, a shaida.

Yau da safe na sa aka cika ta da bulo har sama. Mai Bulo ya tsaya ya riƙe ƙugu. Na ɗauki hanya. Kai, ku zo ku ga tsohuwa! Ta tunkari hawan kamar an ce mata ana rabon kuɗi a sama. Fiton ya zama kururuwa, allurar zafi ta miƙe tsaye, ni kuwa maimakon in sassauta sai na ƙara takawa, ina hango fuskar Tela. Mun wuce inda ta saba durƙusawa, mun wuce babban rami, muna daf da rumfar taro, sai ta yi abin da na gaya muku.

Ayarin Mai Girma ya tsaya a bayana, don hanyar ba ta da faɗin da za a kauce. Na ce yau kwanan gidan yari ya kama ni. Wasu ƙarti masu baƙin tabarau suka diro suka kewaye ni, ɗaya yana tambaya ko na san wanda na tare. Kafin in amsa sai mai sanarwa ya hango bulon daga rumfa, ya ɗaga lasifika.

"Jama'a ku duba da idanunku! Ga kayan aiki har sun fara isowa! Wannan karon ba wasa!"

Wuri ya ɗauki tafi. Mai Girma ya sauke gilashi ya ɗaga mini hannu. Masu hoto suka yi ta ɗaukar motata tana tururi, wataƙila sun zaci zafin aiki ne. Ƙartin nan kuwa, da suka ga ba dama a dake ni a gaban hoto, sai suka sa kafaɗa suka tura ni, da ni da bulo, har ƙarshen hawan. Ban taɓa cin moriyar hukuma kai tsaye irin ta yau ba, kuma ina godiya. Ban dai san wanda zai gaya musu ba a yin kwalta da bulo ba.

Da aka jawo motar gida na sa waya a caji a shagon Tela, na ƙarasa kallon bayanin nan. Daidai inda wuta ta katse ni, nan mutumin ya nuna 'yar ƙofar ya ce ita ce ran injin. In iska ta yi yawa ita ke rage ta, in aka hana ta buɗewa inji zai cika ya fashe. A nawa injin, gaskit ɗin da ke raba ruwa da mai ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai, kan injin ma sai an duba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Na je wa Mai Bulo da hujjata. Na ce sharaɗi shi ne ta hau da lodi gaba ɗaya, kuma ta hau, ga shaidu har da masu hoto.

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Gaskiyarka. In za ka riƙa zuwa da masu tabarau kullum, aiki naka ne." Sannan ya dafa kafaɗata ya ce mai sabuwar mota zai fara gobe.

Na koma gida wajen maman yara. Ta ajiye mini abinci, ta koma ciki, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da yamma na zauna gaban shagon Tela da abin da ke cina. Na ce, shin ba kowace ɓaraka ce ɓarna ba ke nan? Ko manyan nan da nake zagi su ma 'yar ƙofa ce, da za a ɗaure su ƙasar ce za ta fashe?

Tela bai ko ɗaga kai daga keken ba. Ya ce, "Injiniya, taka ƙofa ce, tana buɗewa tana rufewa. Su ka taɓa ganin sun rufe?"

Na ji sanyi kaɗan, duk da sanyin ba ya tayar da mota. Saboda haka in akwai wani ranka-ya-daɗe da ke neman mai ba shi shawara kan toshe ɓaraka, ga ni zaune ba aiki. Ina da gogewa, kuma da sauran wayar ɗaurin nan mai kauri.