Kyamarar Alhaji Badamasi

Duk wanda ya ce Safana ba ta da manyan mutane, to bai taɓa ganin Alhaji Badamasi Sule ya fito daga gida da hantsi ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin komai, ya kuma ƙara masa da baiwar sanar da kowa. Ya yi shekaru yana aiki a wani ofis a cikin gari, har ya kai matsayin da babu takardar da za ta tashi daga wani tebur zuwa wani sai ta hannunsa, don shi ne mai ɗaukarta. A can ya koyo tafiyar manya da gyaran murya kafin magana. Da ya yi ritaya sai ya koma sayen hatsi da kaka yana kullewa a sito har tsakiyar damina, sana'ar da shi yake kira tanadin abinci don ƙasa.

Shekarun kuwa sun zo da nauyi. 'Yan bindiga sun hana noman gonakin nesa. Mai ya yi tsadar da ɗan acaɓa ke kashe inji in ya ga gangara. Tiyar gero ta zama abin da magidanci ke tambayar farashinta, ya yi godiya, ya wuce. Mutanen ƙauyuka da aka tarwatsa sun cika makarantar firamaren unguwa da tabarmi da tukwane. Kowa da abin da ya dame shi, shi ma Alhaji yana da nasa. Har yanzu ba shi da sarauta. Ya daɗe yana zagaya Mai Unguwa Sammani da maganar a ba shi shugabancin tsaron unguwa, a haɗa masa da laƙabin Garkuwa, Mai Unguwa yana ce masa ana dubawa.

Ganin dubawar ta ƙi ƙarewa, sai ya shiga mota ya tafi Katsina, ya dawo rungume da kwali. Bai shiga gida ba sai da ya tsaya a majalisar gindin dalbejiya, ya ajiye kwalin a kan benci, ya gyara murya.

"Jama'a, zamanin gora da tocila ya wuce. Tsaro yanzu ilimi ne. Wannan kyamara da kuke gani ba ta gyangyaɗi, ba ta zuwa cin kasuwa, ba ta neman na goro. Ba ta ma da waya, a iska take aiko da hoto. Ko da ina Makka, in kaza ta gifta ƙofar gidana, na gani."

Kafin la'asar sunansa ya koma Alhaji Na-Gani. Da labarin ya je kunnensa ya ji daɗi, ya ce alama ce jama'a sun fara fahimta.

Mai shagon da ya sayar masa ya so ya yi masa bayanin yadda ake haɗawa, Alhaji ya katse shi, don ba a yi wa irinsu bayani. Shi ya sa da ya buɗe kwalin a gida ya tsaya yana kallon kayan kamar wanda aka kawo wa gadon da bai san mamacin ba. Ga kyamarar, ga farantin sola, ga wani ɗan akwatin waifai da ake saka wa layi, wanda shi ne zai ɗauki hoton ya kai wayarsa. Ya sa matarsa Uwani ta riƙe masa tsani, ya hau katangar ƙofar gida da babbar riga, don bai dace ranar tarihi ta same shi da singileti ba. Ya kafa kyamarar tana fuskantar titi, ya danna maɓalli. Nan take muryar wata mace ta fito daga ciki da Turanci.

"Yauwa, sannunku da aiki," in ji Alhaji, ya ɗan rusuna a kan tsani. Ya leƙo ƙasa ya ce wa Uwani kamfani ne ke gaishe shi daga ƙasar waje.

Matar dai cewa take yi haɗi bai yiwu ba. Ta yini tana faɗa, shi kuma ya yini yana amsa gaisuwa.

Matsalar ita ce sabis. Alhaji ya ɗauki akwatin waifai ya riƙa yawo da shi lungu-lungu kamar mai turara gida da kasko. Ya gwada falo, ya gwada kan firjin da ya manta rabonsa da wuta, ya gwada reshen mangwaro. Sabis bai yarda ya sauka ko'ina ba sai kan katangar bayan gida, daidai saman masai. Nan aka ɗaure akwatin da tsumma, Alhaji ya hana kowa sake kiran wurin da tsohon sunansa, ya ce daga yau cibiyar sadarwa ce. Ya raɗa wa waifai ɗin suna Garkuwa, ya zaɓa masa lambar sirri mai tsananin wuya, ya kuma karanta ta da ƙarfi a teburin mai shayi don a ji irin wuyarta. Tun daga ranar jikin katangarsa ya zama wurin hutawar 'yan acaɓa, kowa kansa a kan waya. Da data ta riƙa ƙarewa kamar ana tsiyayar da ita, Alhaji ya ce dole ne, na'urar ba ta wasa da aiki.

Sai da ya sake hawa tsani ya kara wayarsa a idon kyamarar, kamar mai nuna wa amarya madubi, sannan aka ji ƙilin, hoto ya bayyana. Abin da ya fara fitowa hancinsa ne da gefen hularsa. Ya daɗe yana kallo, zuciyarsa fes, ganin na'urar ta fara aiki da fuskar mutumin kirki.

Daga nan tsaro ya kankama. Alhaji yakan kishingiɗa a zaure da waya a hannu yana lura da wanda ya wuce bai yi sallama ba. Da ya gano kyamarar tana da lasifika, sai masu wucewa suka fara jin murya daga sama tana cewa, "Malam Sagiru, na gan ka. Haka ake wuce gidan manya?" Tsofaffi suka riƙa zabura suna neman tsari. Mutane suka canja hanya. Titi ya yi tsit, Alhaji ya ce ga sakamako nan, ɓarayi sun ji labari.

Wata safiya ya hango wata mata a cikin wayar, da ƙullin kaya a ka da yara biye da ita. Ƙanwarsa ce Tasalla, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Tsaskiya. An shiga ƙauyen nasu, an kora shanu, an ƙone rumbuna, mijinta ya yi kudu neman abin yi. A nan kyamara ta yi ranarta, don kafin Tasalla ta yi sallama Alhaji ya riga ya gama shirya fuskar talauci.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ya yi mata jaje mai tsawo. Can ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, muna makaranta tare da mutanenmu. Ko ɗan abin da zan dama wa yaran nan kunu ne."

Alhaji ya yi ajiyar zuciya, ya nuna ƙofar siton da ke farfajiya, tsakanin zaure da cikin gida. "Tasalla, wancan siton da kike gani, ɓera ma ya yi ƙaura daga cikinsa. Duk abin da na mallaka na zuba shi a harkar tsaro, kuma don ku na yi. Da ƙauyenku kun waye kun kafa irin wannan na'ura, ai da yanzu ba wannan maganar muke ba."

Ta ce haka ne, Yaya. Ta tattara yaranta ta fita. Uwani tana bayan ƙofa riƙe da kwanon ruwan da ta kawo wa baƙi, har suka tafi ba ta samu ta miƙa ba. Ita dai ta san tsohon takalmin da mabuɗin sito ke kwana a ciki.

Ranar Juma'a bayan la'asar Mai Unguwa Sammani ya tara dattawa a zaurensa kan abincin mutanen makaranta. Dattijo ne marar yawan magana, mai sauraro da ido a lumshe. Aka bi layi, kowa ya faɗi abin da zai iya, wani damin dawa, wani kwanon gyaɗa. Da aka zo kan Alhaji sai ya miƙe tsaye, ko da yake kowa a zaune ya yi tasa maganar.

"Ranka ya daɗe, hatsi kam ba ni da ko ƙwaya, kowa ya san halin da ake ciki. Amma na zo da abin da ya fi hatsi. Wanda ya ci tuwo yau, gobe zai sake nema. Ni zaman lafiya na kawo, kuma ga shi a tafin hannuna."

Ya jingina wayar da buta a tsakiyar tabarma, dattawa suka matso. Ga titin gidansa nan tar, ga wani jaki yana tsaye yana tunani. Liman ya yi salati. Wani tsoho ya ɗaga wa jakin hannu. Alhaji ya ji rawanin Garkuwa ya fara zagaya kansa, sai ya ga bai kamata a tashi ba a ga ƙarshen ikon na'urar ba.

"Ba ku ga komai ba tukuna. Daga nan inda nake, da ɗan yatsa ɗaya, sai in juya ta."

Ya ja yatsa a kan gilashin da ƙarfin mai son burgewa. Kyamara ta yi biyayya. Ta bar jaki, ta bi kan katanga, ta zarce, ta leƙa farfajiya ta tsaya. Ƙofar sito a wangale, buhunan gero da dawa sun hau kan juna har suna taɓa kwano. Uwani tana tsaye da tiya a hannu, Tasalla ta riƙe bakin buhu. Alhaji kuwa tun farko ya ƙure ƙarar wayar don a ji ingancin sauti.

"Uwani, ina jin tsoro," in ji muryar Tasalla. "In Yaya ya gane fa? Ga abin can a kan katanga."

"Titi take kallo, kamar mai ita. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya waiwayo ya dubi na ciki ba. Riƙe da kyau." Sai Uwani ta turo ciki gaba, ta gyara murya irin ta manya, ta ce, "Ɓera ma ya yi ƙaura!" Su biyun suka tuntsire da dariya, ta Tasalla ta ƙare da share hawaye.

Alhaji ya kai wa wayar cafka. Ya ja yatsa hagu, ya ja dama, ya danna duk abin da ke dannuwa. Daidai nan sabis ya ga ya yi aikin da ya isa na yau, hoton ya daskare a kan buhunan.

"Iyali ne, jama'a, a runtse ido," in ji Liman. Dattawa suka sunkuyar da kai gaba ɗaya cikin ladabi. Wayar kuwa a ƙasa take.

Alhaji ya buɗe baki zai ce buhunan ajiyar wani ne, sai ya tuna an rubuta sunansa a jikin kowanne da jan fenti, manyan baƙaƙe, har da Alhaji. Mai Unguwa ya buɗe idonsa a hankali.

"Masha Allah. Alhaji, ashe haka kake? Ka ce mana ba ka da ƙwaya don kada a yabe ka, alhali ka bar wa iyali umarni a riƙa rabawa a ɓoye. Irin wannan sadaka ai sai manya. Liman, a yi masa addu'a."

Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa wa Alhaji ninkin abin da zai fitar. Alhaji ya shafa, ya ce amin da muryar wanda ake cire wa haƙori.

"Tunda Allah ya bayyana," in ji Mai Unguwa, "ba sai mata sun wahala su kaɗai ba. Gobe da hantsi mutanen makaranta za su zo da buhunansu. Ni da kaina zan rako su."

Suka zo kuwa. Layi ya miƙe daga ƙofar sito har titin da aka daina bi. Alhaji ya ga tunda hatsi ya tafi, gara suna ya tsaya. Ya saka babbar rigar da ta fi kowacce aiki, ya tsaya a bakin zaure yana jawabi kan muhimmancin tausayi a rayuwar shugaba. Mata suka riƙa ratsa shi ta dama da hagu suna shiga wurin Uwani, su fito da kaya a ka suna sa mata albarka. A ranar, hayaƙi ya tashi a makaranta daga murhu da yawa, yaran Tasalla suka ci tuwo har suka yi wasa.

Da ƙura ta lafa ya koma wurin Mai Unguwa kan maganar Garkuwa. Mai Unguwa ya lumshe ido ya ce ai yanzu ma aka fara dubawa da kyau.

Bayan 'yan makonni Alhaji yana kishingiɗe a zaure, yana tsaron sito wanda yanzu da gaske ɓera ya yi ƙaura daga cikinsa, sai ya ga wani baƙo a wayar ya tsaya da babur yana tambayar 'yan acaɓan jikin katanga. Ya ƙara sauti, ya gyara zama.

"Don Allah ina ne gidan Alhaji Badamasi Sule, masanin tsaro?"

Suka dubi juna. Babu wanda ya gane.

"Wani mai kyamara aka ce mini."

"Au!" in ji ɗaya daga cikinsu, ko kai bai ɗago daga waya ba. "Ka ce mijin Uwani mana. Ga gidanta nan."