Ranar da Alhaji Mudi Ya Kai Goro da Motar Lantarki

"Ku shaida, daga yau ni da gidan mai sai dai ɗaga hannu daga nesa," in ji Alhaji Mudi, yana shafa bayan sabuwar motarsa kamar mai taya ragon layya. "Wannan da kuke gani ba mota ba ce, zamani ne aka yi wa taya huɗu. Ba ta shan fetur, ba ta hayaƙi, ba ta tari da safe. Wuta take ci kamar wayar hannu. In tashi daga nan Funtuwa in je Kano, in dawo in wuce Gusau in sha fura, ko gumi ba za ta yi ba."

Abokina, in ba ka san Alhaji Mudi ba, to matso in gabatar maka. Dillalin masara ne a kasuwar Dandume, gajere mai tumbi, wanda tumbinsa ke riga shi shiga majalisa, muryarsa kuma ta riga tumbin. Bana masara ta yi masa kyau, sai ya sauka Legas ya dawo da motar iyali mai aiki da lantarki, fara sol, mai kujera bakwai, an goyo ta a kan tirela. Tun ranar 'yan majalisa suka laƙaba masa Alhaji Caji. Shi kuwa gogan naka ya ɗauka sarauta aka ba shi, har amsawa yake da jinjina.

"Kun san me ke hana damina sauka da wuri?" ya tambaye su. "Hayaƙin akwalolinku ne ke toshe sama. Masana sun faɗa. Duk faɗin Funtuwa ni kaɗai na tsaya wa damina. In ruwa ya sauka da wuri baɗi, bayan Allah kun san gidan da za ku zo godiya."

To ana cikin haka sai ga ɗaurin auren Awaisu, ɗan ƙanensa, ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya, a wani ƙauye gaba da Tsiga. Alhaji Mudi ne wakilin ango, goro da alawa kuma suna hannunsa. Dangi suka ɗauki shatar bas, suka ce ya kawo kayan a tafi da su. Ya ce atabau, goron ɗansa ba zai shaƙi hayaƙi ba.

Matsala ɗaya ce 'yar ƙarama. Kwana uku ke nan ba a kawo wuta unguwar ba, motar kuma Alhaji ya gama zagayen gari da ita yana nuna wa jama'a, har cajin da allonta ke nunawa ya sauko kashi shida cikin ɗari. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya kira Uchechukwu mai gyaran wuta, haifaffen Funtuwa, wanda Hausarsa ta fi ta Alhajin tsabta. Ya nuna masa 'yar janaretar gidan.

Uche ya dubi janareta, ya dubi mota. "Alhaji, wannan ta fanka da talabijin ce. Kamar ka ce za ka shayar da raƙumi da cokalin shayi ne."

"To nemo babba. Mu ba a ƙure mu."

Aka turo janaretar mai walda a kan kura. Da aka tayar da ita, sai da kajin maƙwabta suka yi hijira zuwa layi na gaba. Hayaƙi ya turnuƙe, mata suka kwashe shanyarsu suna tari, liman ya aiko a tambaya ko gobara ce. Mai ceton damina kuwa yana tsaye tsakiyar hayaƙin da hankici a hanci, yana yi wa masu wucewa bayanin tsabtar iska. Zuwa gab da magariba janareta ta kwankwaɗe jarka biyu na man mai walda, mota ta kai kashi sha huɗu.

"Sha huɗun nan zai kai ka," in ji Uche, "amma da sharaɗi. Ka kashe na'urar sanyi, ka tafi a hankali, kada ka yi tsere da kowa. In ka samu gangara ka ɗan taɓa birki, tana mayar da 'yar wuta kaɗan cikin batir."

Duk jawabin nan, abu ɗaya ne ya shiga kunnen Alhaji: birki yana kawo wuta. Ya yi murmushin wanda ya tsinci sirrin duniya, ya sallami Uche.

Asabar da safe yara duk suka bi bas, don sun fi ubansu hangen nesa. Matarsa Hajiya Rabi'atu ce kaɗai ta shiga gaba, ba don ta yarda da motar ba, sai don shekara ashirin da shida ta saba raka Alhaji wurin jin kunya. Aka ɗora huhun goro a kujerar tsakiya, buhun alawa kusa da shi, 'yar janareta a but saboda ko-ta-kwana.

Alhaji na danna maɓalli, mota ta fara ƙara, ƙit-ƙit-ƙit, wata murya kuma ta yi magana da Sinanci, don dillalin Legas bai sauya mata harshe ba.

"Me ta ce?" in ji Hajiya.

"Barka da asuba take miki."

"To ƙarar fa?"

Sai da suka yi minti goma suna lalube kafin su gane nauyin goron ne motar ta ɗauka mutum ne ya zauna bai ɗaura bel ba. Alhaji ya fita ya ɗaura wa huhun goro bel, ya ɗaura wa alawa, har ya ɗan gyara wa goron zama.

"Kin ga tsaro ko? Ko goro ba ta yarda a yi kasada da ransa."

Suka kama hanyar Bakori, sanyi a ƙure, Hajiya ta duƙunƙune cikin mayafi kamar mai zazzaɓi. Can sai ga bas ɗin dangi a gaba tana tafe tana nishi. Alhaji ya taka. Gaskiya dai, abokina, motar akwai ƙarfi. Ta zabura ba ko ƙara, hular Alhaji ta tashi ta sauka a kan goro. Suka wuce bas kamar an jefa dutse.

Ya isa haka? Ina. Alhaji ya tuna waɗanda ke ɗaya gefen bas ɗin ba su gani da kyau ba. Ya tsaya a gefe, bas ta wuce, ya sake bin ta ya wuce. Sannan ya tuna ƙanensa yana waya a lokacin, ya sake na uku. Allo ya nuna kashi takwas.

"Alhaji, lambar nan raguwa take."

"Bari ki ga ilimi."

Ya taka totur, ya danna birki. Ya taka totur, ya danna birki. Mota ta riƙa tafiya kamar mai shaƙuwa. Ɗankwalin Hajiya ya zamo ya rufe mata ido. Masu babur suka riƙa rage gudu suna leƙe.

"Alhaji, lafiya?" in ji ɗaya daga cikinsu.

"Caji nake."

Bayan caji na kusan kilomita huɗu, allo ya nuna kashi biyar. Bas kuwa ta daɗe da ɓacewa.

"Lissafin nata ne bai gama shiga ba," in ji Alhaji. "A dunƙule za ta nuna."

Suka wuce Tsiga, suka sauka kan hanyar birji tsakanin gonaki, ko'ina an tara masara ana ɓara. Nan suka tarar da wani jaki kwance tsakiyar hanya, ya ba su baya. Kafin Alhaji ya motsa ƙafa, mota ta taka birki da kanta, tumbinsa ya gaisa da sitiyari, muryar nan ta sake rattaba Sinanci.

"Yanzu kuma me ta ce?"

"Yabon hanya take."

"Ni ban iya Sinanci ba, Alhaji, amma na san muryar mai neman agaji."

Alhaji ya danna ham. Sai wani ɗan sauti siriri ya fito, mai ladabi, irin na ƙararrawar ofishin likita. Jaki ko kunne bai kaɗa ba. Alhaji ya nemi ya matsa ya ɗan tsorata shi, mota ta ƙi, tana ganin rai a gabanta. Gefe da gefe kuma kwari ne.

"Jakin nan tun yana ɗan duƙushi rurin inji yake kauce wa," in ji Hajiya. "Taka kuwa bebiya ce. Sai dai ka yi masa da baki."

Alhaji ya duba hagu, ya duba dama, ya duba agogo. Ƙarfe goma da kwata. Ya sauke gilashi, ya zura kai waje, ya kumbura kumatu: "Burrum, burrum, burrrrum." Har da sauya giya. Jaki ya waiwayo, ya yi masa wani dogon kallo, ya miƙe a hankali ya koma gefe. Wasu mata masu ɓarar masara a gona suka kifa kawunansu cikin buhu.

Ba su yi nisa ba sai hoton wani ɗan kunkuru ruwan ɗorawa ya bayyana a allo.

"Wannan fa?"

"Alamar tsawon rai ce. Mutanen Sin na girmama kunkuru."

Mota ta fara tafiyar kunkurun. Wani tsoho mai keke ya wuce su, ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya ci gaba. Kashi biyu. Kashi ɗaya. A gindin wata ɗorawa, saura kamar kilomita uku su isa, zamani mai taya huɗu ya yi shiru na gaskiya.

Waya ta yi ƙara. Ƙanensa ne. "Yaya, kuna ina? Liman ya zauna, waliyyin amarya ya zauna, ba wakili ba goro."

"Muna daf. Ka ce su ɗan taɓa hira."

Ya fito da 'yar janareta, ya naɗe babbar riga, ya ja igiya sau ashirin da wani abu. Sai da gumi ya jiƙa shi sharkaf sannan Hajiya ta buɗe murfin tankin ta leƙa. Ko ɗigo babu. Alhaji ya ƙi zuwa sayo fetur ne don kada 'yan majalisa su gan shi da galan.

Sai ga wani manomi tafe da amalanke, bijimai biyu jajaye na ja, ƙosassu. Malam Maitama sunansa, mutumin ƙauyen da za su.

"Sannunku. Mai ne ya ƙare?"

"Ba ta shan mai," in ji Alhaji, yana gyara hula.

"To me ya ƙare?"

"Wuta."

Malam Maitama ya laluba aljihu. "Akwai ashana a nan, in za ta yi."

Alhaji ya buɗe baki zai fara lacca, Hajiya ta riga shi. "Malam, don girman Allah ka ja mu zuwa gari. Auren yaro ne ke jiran goron nan."

Aka kwance amalanke aka jingine ta a gindin ɗorawa, aka ɗaura igiya a hancin mota. Alhaji ya gindaya sharaɗi: ana isa bakin gari a kwance shanu, shi zai san yadda zai shiga da mutuncinsa. Malam Maitama ya ce to. Aka ɗau hanya, Alhaji riƙe da sitiyari yana ba da sigina a kowace kwana, gilashin gaba kuma cike da jelar sa da abin da ke biyo bayanta.

Abin da Malam Maitama bai faɗa ba shi ne, shanun tun safe ba su sha ruwa ba, kwamin da suke sha kuma yana jikin rijiyar ƙofar masallaci. Suna shaƙo iskar gari suka ƙara sauri. Malam Maitama ya daka musu tsawa, suka yi kamar da wasu yake. Alhaji ya danna birki, bijimai suka ja shi da birkin nasa. Haka suka ratsa layi, yara na bi, har tsakiyar taron ɗaurin aure, inda jama'a suka shafe fiye da awa ɗaya a kan tabarma.

Sanƙira na riƙe da lasifika. Ya ga bijimai biyu sun tsaya a gaban jama'a, ya ga wakilin ango a bayansu, sai ya haɗa lissafinsa.

"Jama'a, a tashi a gani. Baffan ango, Alhaji Mudi na Funtuwa, ya kawo wa amarya gudunmawar bijimai biyu, da amalanke sabuwa fil. Ba a taɓa yin irin wannan ba a ƙasar nan."

Wuri ya ruɗe da "Allah ya saka da alheri." Alhaji ya fito yana shirin gyara magana, amma da ya ji an ce ba a taɓa yin irinsa ba, sai hannunsa ya tashi da kansa ya yi jinjina. Hajiya Rabi'atu ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige cikin gida. Malam Maitama ya matso kusa da kunnensa.

"Alhaji, shanuna na ji an ce ka bayar?"

"Yi shiru, Malam, ma yi magana."

"Ai kuwa za mu yi."

Aka kwance wa goro bel, aka raba, aka ɗaura aure, aka shafa fatiha. Jama'a ba su watse ba sai ga kakar amarya, Inna Amina, ta fito daga zaure da sandarta ta zo ganin kyauta. Ta shafa tozon bijimai, ta yi murmushi. Sannan ta zagaya motar a hankali, tana ƙwanƙwasa ta da sanda, ta leƙa nan ta leƙa can. Sanƙira ya miƙa mata lasifika don ta sa albarka.

"Shanun mun karɓa, Allah ya ƙara arziki," in ji ta. "Amalanken kuwa, Alhaji, ka koma da abarka. Wanda ya sayar maka ya cuce ka. Duk ya rufe ta da gilashi, ta ina za a zuba taki?"